Saint Elias: Tsaunin da ƙanƙara ke tallabe da shi

Ranar 17 ga Oktoba, 2015, na'urorin auna girgizar ƙasa suka nuna wani motsi mai ƙarfi a kudancin Alaska ta Amurka. Ba girgizar ƙasa ba ce. Gefen wani dutse ne ya zaftare, kimanin tan miliyan 180 na duwatsu suka rufta cikin mashigin teku na Taan, a gindin tsaunin Saint Elias. Igiyar ruwan da ta biyo baya ta haura gangaren da ke ɗaya ɓangaren har tsawon mita 193, ta tuge itatuwa, ta bar ƙasa fayau. Ba a rasa rai ba, domin babu kowa a wurin a lokacin.

Saint Elias yana kan iyakar Alaska da yankin Yukon na Kanada. Tsayinsa mita 5,489 ne, wato ya ninka Chappal Waddi na Jihar Taraba sau biyu da ɗoriya, kuma shi ne na biyu a tsayi a ƙasashen biyu. Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne kusancinsa da teku, domin tsakanin ƙololuwarsa da ruwan Taan bai wuce kilomita 16 ba. Ayarin Vitus Bering ya hango shi daga jirgin ruwa a 1741, amma sai a 1897 aka taka samansa, ƙarƙashin jagorancin basaraken Italiya, Luigi Amedeo.

Wannan kusanci ne ke tsara yanayinsa. Iska mai ɗauke da danshi tana tasowa daga tekun Fasifik, ta ci karo da tsaunin, ta yi sama, ta huce, sannan ta sauke kayanta. A garin Yakutat da ke gaɓar teku, ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 3,000. A can sama kuwa dusar ƙanƙara ce ke zuba, tana danne juna shekara da shekaru har ta daskare ta zama kogin ƙanƙara mai gangarowa sannu a hankali. Mafi shahara shi ne Malaspina, wanda ya malale a kan filin da ke tsakanin tsaunukan da teku.

Ƙanƙarar nan ba ado ba ce kawai. Tana cika kwaruruka, tana tokare gefen duwatsu kamar yadda ginshiƙi ke riƙe rufin soro. Tsakanin 1961 da 1991, kogin ƙanƙara na Tyndall ya ja da baya kimanin kilomita 17, ruwan teku ya maye gurbinsa, mashigin Taan ya bayyana. Gangaren da ya rasa madogara shi ne ya rufta a 2015.

Shi ya sa masana ba su ɗauki lamarin a matsayin tsautsayin rana ɗaya ba. Tun 2020 hukumomin Amurka ke sa ido kan wani gangare mai motsi a Barry Arm, shi ma a kudancin Alaska, inda wata ƙanƙarar ta janye. Bambancin shi ne, wancan yankin yana da jiragen yawon buɗe ido, da masunta, da garin Whittier a bakin ruwa.