Uwar Kaza ko Ƙwan Fitila: Renon 'Yan Tsaki a Dubai

A gidanmu na Zariya ba a ɗauki renon 'yan tsaki aiki ba. Kaza za ta yi kwancinta na kwana 21 a akurki, ta fito da zugarta, mu kuwa iyakarmu watsa tsakin gero da kifa tsohuwar tukunya mai busasshen kashin shanu kusa da shuri don ta tara gara. Sai da na zo Dubai na ga namiji ya zama uwa. Wani abokina mai aiki a wata gona a Al Khawanij ya sayo 'yan kwana ɗaya guda 20 a kasuwar tsuntsaye ta Warsan, cikin kwali, ba abin da zai ɗumama su sai ƙwan fitila.

A makon farko jikin ɗan tsako ba ya riƙe ɗumi. Yana son wajen digiri 35, a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako har gashi ya rufe shi. Mai uwa shi ke auna wa kansa: in ya ji sanyi ya kutsa ƙarƙashin fiffike, in ya ji ɗumi ya leƙo da kai ya fito. Fitila kuwa ba ta san komai ba, idon mai ita ne ma'auni.

Nan Dubai ke yaudarar baƙo. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a Yuli da Agusta, wa zai kawo sanyi a ransa? Amma ɗakunan kwana duk na'urar sanyaya ɗaki ce ke aiki dare da rana. Abokin nan ya ajiye kwalinsa inda iskarta ke bugawa, gari ya waye huɗu sun mutu, sauran sun hau kan juna suna tsuwwa. Raina ya ɓaci ƙwarai da na gani. Da ya fitar da su rumfar kwano kuma, da rana ta take sai haki, baki buɗe. Daga baya ya gane: fitila a kusurwa ɗaya, ɗayan ɓangaren a bar shi da sanyi. In sun cure a gindinta, sanyi ne. In sun manne da bangon kwali, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna tsattsaga, an dace.

Wajen ci, kaza malama ce. Ta tona, ta yi kira, su gani su kwaikwaya. Gero kaɗai bai ishe su ba, gara da ƙwarin da take tono musu ne ke gina jiki. Ɗan kwali ba shi da wannan, dole a saya masa abincin farko na kamfani mai sinadarin gina jiki wajen kashi 20 cikin 100, kuma ran farko a kama kowanne a tsoma bakinsa cikin ruwa. Mazubin ya zama faranti marar zurfi, da 'yan tsakuwa a ciki don kada su nutse. A bazarar Dubai ruwan famfo da zafinsa yake fitowa daga tanki, sai an tara ya huce.

Kaza ma da nata rauni. Ba ta gumi, zafin nan ita ma galabaitar da ita yake yi, kuma fiffikenta ba ya rufe fiye da goma sha. A gida sau nawa ta fito da goma, shirwa da muzuru suka bar mata huɗu?

Ni dai a Dubai fitila na zaɓa, in mutum zai iya tashi cikin dare ya leƙa kwali. Mai fili a Al Awir kuwa, in kazarsa ta kwanta tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da zafi ya sauka, ya ba ta inuwa da ruwa mai sanyi, ya bar mata 'ya'yanta.