Ƙirar Noti da Ƙarfin Riƙonsa a Ƙashin Baya



Gabatarwa

Idan mutum ya karya ƙashin baya a Kebbe, ko kuwa a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega wadda ta ratsa Tambuwal, akan kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wani lokaci kuma har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Abin da likita ke gudu shi ne gaɓar da ta karye ta goce ta danne laka, ƙafafu su shanye. Don haka akan ɗaure gaɓoɓin da sandunan ƙarfe da ƙusa mai tiredi, watau noti a bakin kanikawa. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda ƙirar notin ke ƙara masa riƙo ko ta rage.

Mashigar noti

Ƙashin baya gaɓoɓi 33 ne. A gaɓoɓin ƙirji da na tsatso akwai 'yan gadoji biyu, dama da hagu, masu haɗa gangar gaɓar da bayanta, laka kuma tana bi ta tsakaninsu. Ta cikin gadar nan ake zura noti har ya kai ga gangar. Likitan Faransa Raymond Roy-Camille ya fara yin haka a 1963, ya kuma buga bayaninsa a 1970.

Gaɓar ta yi kama da iccen giginya: bayansa tauri, da shi ake azara, cikinsa kuwa laushi. Bangon gada ƙashi ne mai tauri, cikin gangar kuwa kamar soso yake. Wani bincike na 1997 ya nuna cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na ƙarfin riƙon noti daga gadar yake fitowa.

Sassa uku na ƙira

Na farko, kaurin waje, watau faɗin noti har da haƙoran tiredinsa. Ga manya yakan kama daga milimita 4.5 zuwa 7.5. Iya kusantar haƙoran da bangon gada, iya wuyar zare notin. Amma fa idan kaurin ya zarce gadar sai ta tsage, riƙon ya ragu, ana kuma iya taɓa jijiya.

Na biyu, kaurin ciki, watau sandar da haƙoran ke kewaye da ita. Ita ke hana noti karyewa, domin duk takun da majinyaci ya yi sai ya ɗan tanƙwara shi. A lissafin injiniyoyi, in aka ninka kaurin ciki sau 2, ƙarfin jure tanƙwara zai ninka sau 8.

To, a nan gizo ke saƙa. Tun da gada ta iyakance kaurin waje, duk abin da aka ƙara wa sanda daga zurfin haƙora aka ɗebe shi. Haƙora masu zurfi sun fi kama ƙashi mai laushi, amma sandarsu siririya ce. Sanda mai kauri ba ta karyewa da wuri, amma haƙoranta gajeru ne. Don sasanta wannan aka ƙera noti mai siffar tsinin mashi: sandarsa ta yi kauri wajen wuya, inda aka fi samun karaya, ta sirance wajen baki. Har wa yau akwai mai tiredi iri biyu: matsattse a daidai gada, mai tazara a cikin ganga.

Na uku, tsawo. A tsatso akan yi amfani da milimita 40 zuwa 50. Ƙarin tsawo yana ƙara riƙo, sai dai a gaban gangar manyan hanyoyin jini suke kwance, ba a yarda noti ya huda zuwa can ba.

Ƙashin kansa

Kome kyan ƙira, noti bai fi ƙashin da ya shiga ƙarfi ba. Ƙashin dattawa, musamman mata bayan ɗaukewar al'ada, yakan zama holoƙo. Ga irinsu akwai noti mai rami a ciki da ƙofofi a gefe, wanda ake ɗura simintin ƙashi ta cikinsa ya daskare a kewaye. Idan kuwa tarin fuka ne ya cinye gaɓa har doro ya fito, sai a tsallake ta a kafa noti a lafiyayyun gaɓoɓi na sama da na ƙasa.

Kammalawa

Noti tallafi ne na ɗan lokaci, kafin ƙashi ya haɗe da kansa cikin watanni. In bai haɗe ba, ƙarfen zai gaji ya karye, ko ya yi sako-sako. Saboda haka ma'aikacin da ke tsara sayen kayan asibiti ya sani cewa noti iri ɗaya, girma ɗaya, ba zai wadaci matashi da tsohuwa ba. Wajibi ne a tanadi girma dabam-dabam bisa shawarar likitoci, domin sake aikin baya ya fi na farko wuya da tsada.