Ƙwayar Cutar da Ta Gagari Magani: Nasiha ga Mutanen Garu da Maƙwabtansu

Duk wanda ya karanta Ishmawi ko Risala a zauren malaminsa ya san cewa malaman fiƙihu sun gina hukuncin ruwa a kan siffofi uku, wato launi da ɗanɗano da ƙamshi, ta yadda ruwan da bai jirkita a ɗayansu ba ya halatta a yi alwala da shi. Sai dai wannan hukunci na ibada ne, bai lamunce wa kowa cewa ruwan da ya isa tsarki ya isa sha ba, domin a cikin ruwa garai-garai akan sami halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita, su ne kuwa sababin zawo da amai da zazzaɓin taifot. Mutanen arewacin Ghana sun san sharrin ruwa, gama sun daɗe suna fama da kurkunu kafin a ga na ƙarshensa a 2010. Amma kurkunu ƙyallen tata ya ishe shi, alhali waɗannan ƙwayoyi sukan wuce ta ƙyalle, kuma waɗansunsu a yau sun daina jin magani.

Asalin al'amarin shi ne, bayan da Allah ya yi wa Alexander Fleming buɗin gano fenisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a Landan cikin 1928, shi da kansa ya yi gargaɗi a 1945 cewa jahilin da ya sha ƙasa da ƙima zai koya wa cuta jure magani. Haƙiƙanin abin da ke faruwa kuwa, idan mutum ya tsaya wurin mai tallan magani ranar kasuwar Garu ko ta Bawku, ya sayi kafso biyu masu ja da rawaya daga cikin faifan da ya wuni a rana, ya haɗiye su da koko ba tare da likita ya duba shi ba, maganin zai kashe raunanan ƙwayoyi ya bar masu taurin rai, kamar manomin da ya nome ciyawa mai taushi ya ƙyale mai saiwa, ita kuwa ta sami fili ta cinye gona. Haka nan yake ga wanda ya sha irin wannan magani saboda mura, wadda ba ya yi mata komai, da mai kiwon da ke zuba shi a ruwan kaji da zabi don su yi saurin girma.

Babbar musibar ita ce, ƙwayar da ta yi taurin kai ba ta zama a cikin wanda ya raine ta, sai ta fita tare da bayan gida; inda kuwa babu masai, ruwan damina yakan kwashe ta zuwa rafi da tafki da rijiyar da ba ta da murfi, balle a shekarar da aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, kogin Farin Volta ya tumbatsa ya shafe gonaki da rijiyoyin gaɓarsa. Salaga, wadda ta shahara da yawan rijiyoyi tun zamanin fataken goro, da Yendi, wadda ke dogaro da kogin Daka mai ja da baya da rani, duk hukuncinsu ɗaya ne, domin idan famfo ya ƙafe, talaka ba ya tambayar asalin ruwan da ke cikin jarka. Daga nan ƙwayar takan hau hannun mai dama fura, ta shiga bahon da mai shinkafa da wake ke ɗauraye kwanuka tun hantsi har azahar ba a sauya ruwansa ba, ta laɓe a latas da kabejin da ba su ga wuta ba, ko a jikin ledar piya wata da ake ɓula ta da haƙori; kuma masana sun tabbatar cewa tana iya miƙa wannan taurin kai ga wata ƙwaya da ba jinsinta ba.

Kada mai karatu ya zaci barazana ce kawai, domin binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka rasu a 2019 ta sababin ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mamata gwargwadon jama'arta. A lardin Sindh na Pakistan, taifot da ya gagari mafi yawan magunguna ya ɓulla a 2016, ta hanyar gurɓataccen ruwa. Saboda irin wannan ne gwamnatin Ghana ta ƙaddamar da manufarta ta yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta a 2018.

To, tun da yake shari'a ta haramta wa mutum cutar da maƙwabcinsa, kuma wanda ya yi wasa da magani yana dasa cutar da yaron wani zai sha a ruwa, wajibi ne mara lafiya ya nemi asibiti, ya sha abin da aka rubuta masa yadda aka umarce shi, kada ya raba ragowarsa ga iyali da sunan taimako. Uwargida ta tafasa ruwan sha, ta rufe randa, ta keɓe mata moɗa. Mai abinci ta riƙe sana'arta amana, da sabulu da ruwa mai tsabta da abinci mai zafi a rufe. Masu unguwanni kuma su tsaya a kan gina masai nesa da rijiya. Limamanmu na zango su sanya wannan mas'ala a cikin wa'azinsu, gama kiyaye rai yana daga cikin manyan manufofin addini, kuma maganin da muka lalata da gafala babu kasuwar da za mu sayo madadinsa.