Ginshiƙin Manhaja da Matsalar Wa'adinsa: Misali Daga Django

Tun bayan da gwamnatin Jigawa ta kafa makarantar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure, zamanin mulkin Gwamna Saminu Turaki, samari daga Roni da Gwiwa da Babura suka shiga sana'ar gina shafukan intanet. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce bayyana wata matsala da ke fuskantar duk mai wannan sana'a, watau matsalar ginshiƙin da yake ɗora aikinsa a kai da kuma tsawon kwanan wannan ginshiƙi.

Abin da muka kira ginshiƙin manhaja shi ne tarin kayan aiki da wasu masana suka riga suka harhaɗa, domin kada mai gina shafi ya fara komai daga tushe. Kamar yadda magini ba ya dasa giginya kafin ya sami azara, haka ma'aikacin kwamfuta ba ya ƙirƙiro hanyar tantance kalmar sirri da kansa. Shi kuma ginshiƙin yana zaune ne bisa wani harsashi, wato harshen kwamfutar da aka rubuta shi da shi.

Za mu ɗauki Django a matsayin misali. Adrian Holovaty da Simon Willison ne suka fara shi a 2003, suna aiki a jaridar Lawrence Journal-World ta jihar Kansas a Amurka, aka kuma sake shi ga jama'a kyauta a 2005. Harsashinsa harshen Python ne. An kasa tsarinsa gida uku: sashen da ke kula da bayanai, da sashen da ke yanke hukunci kan buƙatar mai ziyara, da sashen da ke ƙawata abin da ido zai gani. Hikimar wannan rabo ita ce ana iya sauya fuskar shafi ba tare da an taɓa bayanan ba, haka kuma ana iya ajiye bayanan a rumbun PostgreSQL ko MySQL ko Oracle, gwargwadon abin da ma'aikata ta saba da shi.

To, a nan gizo ke saƙa. Masu ginshiƙi suna son ci gaba, suna kuma gajiya da ɗawainiyar tsohon harsashi. Manyan ma'aikatu kuwa, irin bankuna da asibitoci da manyan makarantu, ba sa son a motsa abin da ke aiki. Alal misali, a ce wata makaranta ta ɗora rajistar ɗalibanta da sakamakon jarrabawarsu a kan wani bugu na ginshiƙi. Sauya shi yana buƙatar kuɗi a kasafi, da izinin hukuma, da lokacin hutu da ba a rajista. Idan kuwa aka bar shi bayan masu shi sun daina toshe ɓarakarsa, to an bar makin ɗalibai a ɗakin da ba ƙyaure.

An ga zahirin wannan rikici a kan Python. Bugu na 3 ya fito a Disamba 2008, kuma bai jitu da na 2 ba. Da farko an sa 2015 a matsayin ƙarshen wa'adin tsohon, amma ganin yadda jama'a suka maƙale masa, sai aka ɗage zuwa 1 ga Janairu 2020. Masu Django ba su yi gaggawa ba. Sun fara karɓar sabon harsashin a bugu na 1.5 a 2013, suka riƙe biyun tare shekaru huɗu. Bugu na 1.11 na Afrilu 2017 shi ne na ƙarshe da ya zauna kan Python 2, aka ci gaba da kula da shi har Afrilu 2020, alhali na 2.0 da ya fito a Disamba 2017 ya riga ya yi ban kwana da tsohon harsashi.

Dabarar da ta sa haka ta yiwu ita ce bugu mai dogon wa'adi. Daga 2015 zuwa 2025, kowace shekara biyu a watan Afrilu an fitar da irinsa, da alkawarin kula da shi shekara uku. Ke nan akwai shekara guda da tsoho da sabo suke raye tare, a cikinta ma'aikata za ta yi ƙaura a natse. Har ila yau, ba a cire wani abu kwatsam. Sai an yi ta gargaɗi a kansa tsawon aƙalla bugu biyu.

A ganina shekara guda ta yi kaɗan ga ma'aikatunmu, inda takarda kan yi watanni tana yawo tsakanin ofisoshi kafin a saki kuɗi. Saboda haka ya kamata ɗan kwangila ya rubuta a cikin yarjejeniya bugun da ya yi amfani da shi da ranar ƙarewar wa'adinsa. Wanda ya gina a kan Django 5.2 na Afrilu 2025, alal misali, sai ya rubuta Afrilu 2028.