Tarihi a Tafin Hannu: Wasannin Majigi Masu Bai wa Ɗan Kallo Zaɓi

Gabatarwa

Tun daga lokacin da aka fara nuna majigi, ɗan kallo ba shi da wani aiki sai zama da zuba ido. Abin da mai shirya fim ya tsara shi ne zai auku, ko ɗan kallo ya so ko ya ƙi. To, amma an sami wani irin wasa da ya sauya wannan al'ada, watau fim wanda mutane na gaske suka fito a cikinsa, aka ɗauke su da kyamara cikin tufafi da gine-ginen wani zamani da ya shuɗe, sa'an nan idan labari ya kai wata mararraba sai ya tsaya cak, ya jira mai riƙe da na'ura ya taɓa fuskarta da yatsa ya zaɓi abin da jarumin zai faɗa ko zai aikata. Ana yin wannan wasa a wayar hannu, ko a ƙananan na'urorin wasa da ake riƙewa da hannu biyu, irin su Nintendo Switch. Domin sauƙin bayani, za a kira shi "wasan majigi na zaɓi" a cikin wannan lacca.

Maƙasudin laccar shi ne nazarin wata matsala guda. Tarihi sau ɗaya ya auku, bakin alƙalami ya bushe a kansa, alhali kuwa wasa ba ya amsa sunansa sai da zaɓi. Ta yaya za a haɗa waɗannan abubuwa biyu ba tare da ɗaya ya cuci ɗaya ba? Wannan tambaya ta shafi ɗalibai da malamai da ma'aikatan ilimi, domin akwai matasan da a fuskar waya za su fara cin karo da wani sarki ko wani yaƙi, tun kafin su gan shi a littafi.

Asalin Wasan

A shekarar 1967, a babban baje-kolin duniya da aka yi a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, rumfar ƙasar Cekoslobakiya ta nuna wani fim mai suna Kinoautomat, wanda Radúz Činčera ya ƙirƙiro. Kowace kujera tana da maɓalli biyu, ja da kore. Sau tara fim ɗin yake tsayawa, wani ɗan wasa ya hau dandamali ya nemi 'yan kallo su kaɗa ƙuri'a, abin da mafi rinjaye suka zaɓa shi ake nunawa. Sai dai duk hanyar da aka bi, a wuri guda labarin yake ƙarewa, watau gobara ta cinye gidan da abin ya auku. Ya kamata a riƙe wannan, domin za a sake komowa kansa.

Da faifan CD ya yaɗu a farkon shekarun 1990, sai kamfanonin Amurka suka rungumi wannan fasaha. Wasan Night Trap, wanda ya fito a 1992, yana cikin waɗanda suka ta da ƙura har Majalisar Dattawan Amurka ta yi zaman sauraron bahasi a watan Disamba na 1993, a 1994 kuma kamfanonin wasanni suka kafa hukumar da ke rarraba wasanni bisa shekarun masu yin su. Ɗaya daga cikin dalilan wannan ƙura shi ne mutane na gaske ake gani a cikin wasan, abin da fuskar ɗan Adam ta nuna kuwa ya fi zane shiga rai.

Duk da haka kasuwar ta faɗi kafin ƙarshen shekarun 1990. Faifai guda ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 650 ko kusa da haka, hoto mai motsi kuwa akwai cin wuri, har wasan Phantasmagoria na 1995 sai da ya cika faifai 7. Na'urar hannu ta wancan zamani, watau Game Boy ta 1989, launi huɗu kawai take nunawa, ba ta da ikon nuna fim ko kaɗan. A yau waya mai gigabait 128 tana ɗaukar abin da faifai kusan 200 za su ɗauka, kyamara ta yi araha, an kuma gano dabarun matse hoto ba tare da ya dushe ba. Wannan ne ya ba da damar farfaɗowar wasan, musamman bayan Her Story na Sam Barlow, wanda ya fito a kwamfuta da waya a 2015, ya kuma sami karɓuwa ƙwarai.

Yadda Ake Gina Shi

Wasan majigi na zaɓi tarin guntayen fim ne da aka riga aka ɗauka, aka jera su kamar rassan bishiya. Na'ura ba ta ƙago kome, iyakar aikinta ta tuna abin da mai wasa ya zaɓa, ta kawo masa guntun da ya dace. Duk abin da ba a ɗauka da kyamara ba, ba zai taɓa aukuwa ba.

A nan lissafi yake shigowa. Idan kowace mararraba tana da hanya biyu, kuma hanyoyin ba su sake haɗuwa, to mararraba 10 za su haifar da ƙarshe 1,024, mararraba 20 kuwa fiye da miliyan guda. Babu kamfanin da zai iya biyan 'yan wasa da maɗinka da masu gina fada domin ɗaukar wannan duka. Saboda haka masu shiryawa sukan bi ɗaya daga cikin dabaru uku: ko dai su mai da rassan su sake haɗuwa bayan ɗan lokaci, kamar yadda aka yi a Kinoautomat, ko su datse reshe da mutuwar jarumi, mai wasa ya koma baya ya sake zaɓi, ko kuwa su bar abin da ya auku yadda yake, su ba mai wasa zaɓi a kan yadda zai binciko shi. Dabara ta biyu da ta uku su ne suka fi shafar tarihi, kuma kowace tana da misali bayyananne.

Misali na Farko: Fadar Sin

A shekarar 2025 kamfanin New One Studio na ƙasar Sin ya fitar da Road to Empress a kwamfuta da wayar hannu. An gina labarin a kan rayuwar Wu Zetian, ko da yake an sauya sunayen mutanen cikinsa. Ita dai Wu Zetian an kai ta fadar Sarki Taizong na daular Tang tana 'yar shekara 14 ko kusa da haka, ta zama uwargidan Sarki Gaozong a 655, ta hau gadon sarauta da kanta a 690, aka sauke ta a 705, ta rasu a wannan shekara. Ita kaɗai ce macen da ta taɓa riƙe sarautar Sin da sunanta.

Mai wasa yana tsayawa a matsayin yarinyar da ta shigo fada ba ta da kowa. Kalma guda da ba ta dace ba a gaban wata babbar matar sarki, ko amincewa da wanda bai cancanta ba, na iya kai ta ga halaka nan take, a sake daga baya. Amfanin wannan tsari shi ne yana sa mutum ya ji a jikinsa abin da littafi yake faɗa a jimla guda, watau zaman fada zaman ɗar-ɗar ne, kuma waɗanda suka rayu a lokacin ba su san yadda al'amari zai ƙare ba.

Illarsa kuwa iri biyu ce. Ta farko, yana iya koya wa mai wasa cewa tarihi jarrabawa ce mai amsa guda, wanda ya ci shi ne mai wayo, alhali nasarar Wu Zetian ta rataya a kan abubuwan da suka fi ƙarfin dabarar mutum ɗaya, kamar rashin lafiyar Gaozong da rikicin manyan gidajen sarauta. Ta biyu ta fi nauyi. Labarin nan da ya shahara, cewa ta kashe jaririyarta domin ta ɗora wa kishiyarta laifi, cikakken bayaninsa yana cikin littattafan da aka kammala a 1060 da 1084, watau shekara 400 ko fiye bayan aukuwar abin, marubutan kuma maza ne da ba su ga dacewar mace ta yi mulki ba. Masanin tarihi yana iya cewa "an ce", ya auna maganar. Kyamara ba ta iya cewa "an ce". Duk mai shirya fim a kan wannan sarauniya, in ya zo irin wannan gaɓa, tilas ya nuna abu ɗaya ko ya tsallake, abin da ido ya gani kuwa da wuya ya fita daga zuciya.

Misali na Biyu: Birnin Furag

Wasan Attentat 1942 ya bi wata hanya dabam. Malaman Jami'ar Charles da ke Furag da masanan Cibiyar Kimiyya ta ƙasar Cek ne suka shirya shi, ya fito a 2017, aka kawo shi wayar hannu a 2020. Tushensa shi ne harin da Jozef Gabčík da Jan Kubiš suka kai wa Reinhard Heydrich, babban jami'in 'yan Nazi mai mulkin ƙasar Cek, ranar 27 ga Mayu 1942. Heydrich ya mutu ranar 4 ga Yuni, Jamusawa suka ɗauki fansa da kame da kisa, suka shafe ƙauyen Lidice ranar 10 ga Yuni.

A wannan wasa ba a bai wa mai wasa bindiga, ba a kuma ba shi ikon ceton kowa. Shi jika ne da ke neman sanin dalilin da ya sa 'yan sandan ciki na Gestapo suka kama kakansa jim kaɗan bayan harin. Aikinsa shi ne ya ziyarci tsofaffin da suka ga zamanin, ya zaɓi tambayar da zai yi musu. Tambayar da babu ladabi a cikinta na iya sa dattijo ya kama bakinsa, maganar wani kuma tana iya saɓa wa ta wani. Tsofaffin 'yan wasa ne, mutanen labarin ƙagaggu ne, amma an gina su a kan shaidun gaske da masana suka tattara. Bugu da ƙari, abin da mai shaida ya tuno ana nuna shi da zane baƙi da fari, an kuma haɗa da hotunan majigi na ainihi da ƙamus na bayanin tarihi, domin kada a rikita tunanin mutum guda da abin da ya tabbata.

Ta haka zaɓin mai wasa ya zama irin na masanin tarihi: wa za a tambaya, me za a yarda da shi, ina aka sami giɓi. Abin da ya sami Lidice yana nan yadda yake, ba yatsan da zai kau da shi.

Abin da Na'urar Hannu ta Ƙara

Ƙanƙantar na'ura ita ma tana da tasiri. A gidan silima jama'a ke kallo tare, a fito ana musu. A waya kuwa mutum shi kaɗai ne, fuskar ɗan wasa tana kusa da tasa, kuma yatsansa ne ya jawo abin da ya biyo baya, don haka yakan ɗauki nauyin sakamakon a ransa fiye da ɗan kallon fim. Har ila yau, wasan waya gutsi-gutsi ake yin sa, a mota ko a layin jira, abin da ke ingiza masu shiryawa su cika shi da makirci da mutuwar farat ɗaya, su rage abubuwan da ke tafiya sannu a hankali, irin su haraji da fari da ciniki, waɗanda sau da yawa su ne ainihin masu juya dauloli. Daɗin daɗawa, akwai maɓallin komawa baya. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, amma a cikin wasa ana iya juyawa a gyara. Mutanen Furag na 1942 ba su sami wannan gata ba.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa darajar wasan majigi na zaɓi, ta fuskar ilimi, ta dogara ne a kan inda aka ajiye zaɓin. Idan an ajiye shi a kan abin da ya auku, wasan ya zama ƙagaggen labari mai aron rigar tarihi, wanda ke da daɗi, yana kuma iya jawo sha'awar karatu, muddin an san matsayinsa. Idan kuwa an ajiye shi a kan yadda ake binciko abin da ya auku, wasan na iya koyar da ɗalibi auna shaida, wanda shi ne ginshiƙin ilimin tarihi.

Saboda haka ya kamata ɗalibi, ko malami, ko jami'in da aka ɗora wa alhakin zaɓen kayan koyarwa, ya yi tambaya uku kafin ya amince da irin wannan wasa. Su wa suka shirya shi, da masana a cikinsu ko babu? Shin ya rarrabe abin da ya tabbata da abin da aka ƙaga? Sa'an nan me zaɓin mai wasa yake sauyawa, tarihin kansa ko fahimtarsa? An ce gani ya kori ji, amma wanda aka gani a fuskar waya ɗan wasa ne da aka ɗinka wa tufafi, don haka bayan an ajiye na'ura akwai sauran aiki a ɗakin karatu.