Wane ne Dodo a Littafin Frankenstein?

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Littafin Frankenstein, wanda Mary Shelley ta fara rubutawa a bakin tafkin Geneva a 1816 tana da shekara 18, ya kuma fito a Landan a 1818, ya zo ne ya ƙaryata wannan magana. Victor Frankenstein, ɗalibin kimiyya a jami'ar Ingolstadt ta Jamus, ya harhaɗa sassan gawa ya yi wani mutum mai tsawon ƙafa takwas, fatarsa rawaya, leɓɓansa baƙaƙe. Daren da abin ya buɗe ido, Victor ya fice daga ɗakin da gudu saboda muninsa. A lokacin dodon bai cuci kowa ba, ko magana bai iya ba. Fuskarsa kaɗai aka yi wa shari'a, kuma wanda ya yanke hukuncin shi ne ya zana fuskar da hannunsa.

Abin da Shelley ta fi ba ƙarfi shi ne yadda munin waje yake ratsawa ya koma na ciki. Dodon ya ɓuya watanni a wata 'yar rumfa da ke jikin bukkar iyalin De Lacey, yana leƙen su ta tsagar bango har ya koyi magana da karatu. Da ya gane talakawa ne, sai ya daina taɓa abincinsu, ya riƙa yo musu itace cikin dare. Ranar da ya yi ƙarfin halin bayyana kansa, tsoho De Lacey ya saurare shi da tausayi, don kuwa makaho ne. Masu ido na shigowa, ɗansa Felix ya hau shi da sanda. Daga baya dodon ya tsamo wata yarinya daga kogi, sakayyarsa harbin bindiga. Bayan duk wannan ne ya fara kisa. A ganina tsarin nan da gangan ne: mutum ɗaya tilo da ya ji zuciyar dodon shi ne wanda bai ga fuskarsa ba. Fim ɗin 1931 da Boris Karloff ya fito a ciki ya rushe wannan duka, tunda ya sa wa dodon ƙwaƙwalwar mai laifi ya kuma hana shi baki, sai mugunta ta zama abin da aka haife shi da ita.

Wani zai ce ai wannan wanke mai kisa ne. Dodon ya shaƙe William, ƙanin Victor, yaro ƙarami, sannan ya cusa hoton da ke wuyan yaron cikin tufafin Justine Moritz, mai aikin gidan, yana sane da cewa ita za a kama. Wannan gaskiya ne, wulaƙanci kuma ba ya halatta jinin yaro. Shelley ma ba ta wanke shi ba. Amma a dubi shari'ar Justine da kyau. Victor ya hango dodon kusa da inda aka yi kisan, ya tabbata shi ne, ya zauna a kotu ya yi gum don kada a ce ya haukace, har aka zartar mata da hukuncin kisa. Mutum biyu ne suka kashe yarinyar nan, ɗaya da makirci, ɗaya da shiru, kuma na biyun ɗan babban gida ne a Geneva wanda ba wanda zai guje shi a hanya.

Akwai kuma masu cewa labarin kirkin dodon daga bakinsa kawai muka ji, shi kuwa gwanin lafazi ne, Victor ma ya gargaɗi Kyaftin Walton, wanda yake ba wa labarin, game da zaƙin bakinsa. To, amma wa ya isar mana da labarin? Victor ne, babban maƙiyinsa, mutumin da ya fi kowa dalilin ɓoye shi. Shi ya faɗi da bakinsa cewa dodon ya roƙi abokiyar zama, ya yi alkawarin barin Turai zuwa dazukan Kudancin Amurka. Victor ya yarda, ya fara aikin a tsibiran Orkney, sannan ya yayyaga ta a gaban idonsa. Fargabarsa ta kada su hayayyafa tana da hujja, ban raina ta ba. Sai dai da ya fasa alkawarin bai miƙa masa komai a madadinsa ba, kuma abokinsa Clerval da amaryarsa Elizabeth ne suka biya da rayukansu.