Maganin Gargajiya Na Ƙasar Sin: Gwaji Ne Ke Raba Gardama

A cikin watan Yuli na 1971 aka yi wa wani ɗan jaridar Amurka mai suna James Reston fiɗa a ciki a wani asibitin birnin Beijin. Bayan an gama, da ciwo ya dame shi, sai wani likita ya zo da waɗansu allurai sirara ya tsira masa a gwiwar hannu da ƙasan gwiwoyin ƙafa. Labarin da ya buga a jaridar New York Times shi ne ya jawo hankalin ƙasashen Turai da Amurka ga wannan hanyar warkarwa, wadda Sinawa suka fi shekara 2,000 suna aiki da ita, Turawa kuwa suke kira akufanca. Tun daga lokacin nan gardama ba ta ƙare ba a kan ko tana magani ko kuwa a'a.

Bisa ga koyarwar magabatan Sin, akwai wani ƙarfi da ake kira chi wanda yake gudana cikin jiki ta waɗansu hanyoyi, in ya tushe sai cuta ta samu. Aikin allurar shi ne ta buɗe masa hanya, kuma gurabun da aka tsayar na tsira ta sun kai 361. Amma likitocin zamani ba su ga waɗannan hanyoyi a jikin ɗan Adam ba. Abin da suka fi yarda da shi shi ne, allurar tana taɓa jijiyoyi, jiki ya saki sinadaran da ke rage zogi.

Jamusawa ne suka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwaje, aka bayyana sakamakonsa a 2007. An raba mutum 1,162 masu tsohon ciwon baya gida uku. Waɗanda aka tsira wa allura a gurabun da littafi ya faɗa, wajen 48 cikin 100 suka sami sauƙi. Waɗanda aka tsira wa sama-sama a inda ba gurbi ba ne, wajen 44. Waɗanda aka bari da ƙwayoyi da motsa jiki kuwa, wajen 27 kaɗai. Watau dai allurar ta taimaka, amma gurbin da aka tsira ta bai kawo wani babban bambanci ba. Saboda haka ne waɗansu likitoci ke cewa sakankancewar majiyyaci da kulawar da ya samu su ne rabin aikin. Duk da haka asusun inshorar lafiya na Jamus ya yarda ya riƙa biyan kuɗinta don ciwon baya da na gwiwa.

Ta fannin tsirrai kuwa, akwai nasarar da babu mai musun ta. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na asiri don neman maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda yake karkashe sojoji a yaƙin Biyetnam. Wata masaniya, Tu Youyou, ta tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000. A cikin littafin Ge Hong, wani malami na ƙarni na 4, ta ga an ce a jiƙa wani tsiro dangin tazargade a matse ruwansa. Daga nan ta gane tafasawa ce ke ɓata shi. A 1971 ta tatso maganin ba da zafi mai yawa ba, ta gwada a kan dabbobi, daga baya ta sha da kanta kafin a ba majiyyata. Wannan shi ne atemisinin, tushen haɗin da Nijeriya ta koma kansa a 2005 bayan kulorokwin ya daina ci. A 2015 aka ba ta lambar yabo ta Nobel.

To, amma akwai ɗaya gefen. A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a ƙasar Beljiyam suka gamu da lalacewar ƙoda bayan sun sha wani haɗin rage ƙiba. Bincike ya nuna an musanya wani saiwa da wani mai guba, domin sunayensu sun yi kama da harshen Sinanci. Da yawa sai da aka riƙa yi musu wankin ƙoda ko dashe, waɗansu kuma sankara ta kama su. Wannan ne ya sa masana da dama suka nuna damuwa a 2019, sa'ad da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa babin cututtukan gargajiyar Sin cikin kundinta, ko da yake hukumar ta ce ƙididdiga ce manufarta, ba tabbatar da ingancinsu ba.

Har ila yau, cinikin ya taɓa talakan ƙasar Hausa ta inda bai zata ba. Ana dafa fatar jaki a yi wani magani mai danƙo da ake kira ejiao, wanda ake sha wai don ƙarin jini. Da jakunan Sin suka ragu, sai fatake suka juyo Afirka, kuɗin jaki ya tashi har ya gagari mai ɗaukar ruwa da mai kai taki gona. Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, sa'an nan a watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana yanka su saboda fata.

Abin lura ga mai neman lafiya shi ne, tsufan magani ko nisan ƙasar da ya fito ba su isa shaida ba. Wanda zai yarda a tsira masa allura, lalle ya ga an buɗe sabuwa a gabansa, domin tsohuwa tana iya ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau, kamar dai askar wanzami. Wanda zai sayi ƙwaya ko shayi, ya duba lambar hukumar NAFDAC, ya kuma gaya wa likitansa abin da yake sha. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko sankara kada ya bar maganin asibiti saboda alkawarin mai talla. Masu maganin gargajiya na gida su ma darasin ya shafe su, domin cikin haɗe-haɗe 2,000 da Tu Youyou ta tara, wanda ya jure gwaji shi ne ya ceci miliyoyin rayuka.